Hannun birkin gaba ya ƙi komawa: abin da masu babura suka ce a Marwa, arewacin Kamaru

Yawancinsu ƙura suka ɗora wa laifi, musamman ga mai bin hanyar Mora zuwa Kusiri da rani. Shawarar farko: a kwance notin da hannun ke juyawa a kai, a wanke, a shafa giris kaɗan, kada a ɗaure shi tamau. In babur ya taɓa faɗuwa, a duba ko hannun ya lanƙwashe.

Mai birkin waya ya ɗiga mata mai, in ta fara tsinkewa ya sauya.

An fi daɗewa ana magana kan birkin mai, wato wanda ke aiki da man birki maimakon waya. Wani dattijon bakanike ya ce man da ya yi baƙi a zubar, a zuba irin wanda aka rubuta a murfin mazubin man birkin, galibi mai lamba DOT 4. Fetur ko man inji kuwa, in suka shiga, kumbura robobin ciki suke yi, fistan da ke tura man ya maƙale. Nan na fi yarda da shi.