Neman taimako kan tantance ƙananan ƙudaje daga hoto

Assalamu alaikum, masana ƙwari. Da bazara nakan ɗauki hotunan wasu ƙananan ƙudaje masu tsaitsayen gashi, waɗanda nake zaton dangin Tachinidae ne, masu saka ƙwai a jikin tsutsar malam-buɗe-littafi domin 'ya'yansu su cinye ta daga ciki. Inda abin ya cije mini shi ne, ɗan kumburin ƙarshen gadon bayansu, wanda ke tabbatar da danginsu, ba ya fitowa a hoton sama, kuma da na matsa gefe sai ƙudan ya tashi. Shin lanƙwasar jijiyar fiffike da tsarin gashi sun isa a bambanta su da ƙudajen nama, ko dole sai an kama su? Kuma yaushe suka fi natsuwa a kan fure?