Hoton allon Street Fighter II yana ta gudu sama

Mai Gyaran Talabijin: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na samu allon lantarki na injin wasan game ɗin Street Fighter II na kamfanin Capcom, samfurin allon da ake kira CPS-1, wasan kuma na 1991. Sauti na fita tas, launuka ma lafiya, amma hoton sai gudu sama yake, ya ƙi tsayawa. Na murɗa V-HOLD, wato maɓallin tsayar da hoto idan yana gudu sama ko ƙasa, har na gaji. Ina zan duba?

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Malam, fara da mahaɗin JAMMA, wato bakin allon inda ake jona wayoyin injin. Siginar daidaita hoto tana fita ne ta ƙafar P, a gefen dalma, wayar "ground" ta hoto kuma tana ƙafa ta 14. Tsatsa na yawan kama wurin. Goge su da kyau, sannan ka gwada da mita ko wayar ta yanke a ciki. Ka auna wutar ma a kan allon kansa, ta tsaya kusa da volt 5.

Ɗan Fagge: Wane irin gilashin nuna hoto kake haɗawa? Allon nan siginar hoto mai saurin 15 kHz yake bayarwa, yawancin gilasan LCD ba sa karɓa sai da GBS-8200, na'urar da ke sauya siginar.

Mai Gyaran Talabijin: Tsohon CRT ne, irin na talabijin mai ƙeya, yallaɓai. Baban Yara, ka gano shi: wayar P ta tsinke cikin robarta. Na sake dalma, hoto ya tsaya cak. Allah ya saka da alheri.