Jabha Ta Kama, Kowa Ya Kawo Baitinsa

Baba Malam, Mai Wurno

Assalamu alaikum. Ɗarfa mai kuka ta wuce, yau kwana uku da kamawar Jabha, wadda ita kaɗai ke da kwana 14 cikin taurarin damina, saura duk 13 ne. Kowa ya faɗi abin da ke faranta masa rai a wannan ƙarshen marka. Sharaɗi biyu: ban da siyasa, ban da farashi. Amsa-amo "wa" ne, wanda ya karya shi ya sayi shayi.

Bismillahi, da shi nake buɗe baki,
Mai ba da ruwa, Mai sa tsiro fitowa.

Ɗarfa ta yi kuka har ta gaji,
Jabha ta karɓa, ƙasa na ta jiƙewa.

Kogi ya cika, ya yi jawur da laka,
Daga duwatsun Habasha yake gangarowa.

Abin da nake so ba shi da tsada,
Angarib, gadon igiya, a rumfa, iska na kaɗawa.

Zangarniyar gero guda a kan garwashi,
Tumu na ƙamshi, jikoki na matsowa.

Haƙora huɗu suka rage mini a baki,
Da su nake yi, kuma ba na ragawa.

In an kira la'asar in miƙe tsaye,
Takalmi a hannu, taɓo nake ratsawa.

Haboba Kande, Gadarif

Wa alaikumus salam. Malam, kai da ke bakin kogi har kana da bakin maganar taɓo?

Malam, taɓonku wasan yara ne,
Namu baƙi ne, har lori yake riƙewa.

Amma shi ke ba mu dawa da riɗi,
Buhu a kan buhu, har bakin teku ake kaiwa.

Riɗi ya yi fure fari tas a gona,
Sai Oktoba za a shiga yankewa.

Ni tawa tafasa ce ta bayan danga,
Da safe in tsinko, raɓa na zubowa.

Rabi kwaɗo ne da ƙuli da albasa,
Rabi a turmi za a yi kirɓawa.

A danna a tulu, a binne mako biyu,
Kawal ya nuna, hanci ake toshewa.

Masu toshe hancin su ne riƙe da kwano,
Ran da na kaɗa miya suna ta leƙowa.

Ɗan Gash, Kassala

Baba Malam, a yi mini afuwa. Tsofaffi sun cinye "wa" ba su rage ba, na koma "na". Tarar kuwa ba shayi zan biya ba, mu nan jabana, wato gahawa, muka sani.

Wata tara kogin Gash yana kwance yashi,
Yara na ƙwallo a kan ƙirjinshi,
Yau ya taso, wa zai tare shi?
Daga Iritiriya ya iso garina.

Taka da Totil tun da safe,
Gajimare ya sauko ya rufe,
Ruwan jiya duk ƙura ya shafe,
Duwatsu sun yi wanka a kan idona.

Gahawa a soya, a daka da citta,
Ɗan tulun laka shi ke dafa ta,
Finjali ƙarami ake zuba ta,
Zubin farko, wannan rabona.

Haboba matata, ki bar kurari,
Kawal ɗinki har ya kori ƙwari,
Ki zo sawagi ki sha marmari,
Ayaba da gwaiba suna lambuna.

Haboba Kande, Gadarif

Ji min miji! Ba cefane, sai dogon baki.

Angon da bai taɓa sai min gishiri ba,
Shi ne yau mai kushe miyar gidana.

Lambun da kake faɗa na mai gida ne,
Kai ban-ruwa kake, na sani, jikana.

Ɗan Gash, Kassala

Haba Haboba, a gaban mutane? To, na ji. Amma wanda ya sha rijiyar Totil sai ya dawo Kassala, haka ake faɗa, ke kuma kin sha har da guzuri.

Gambo Mai Agashe, Wad Madani

Tun da an buɗe ƙofar karya doka, ni a ba ni "she", sana'ata ce. Baba Malam, ka rubuta mini shayi bashi.

Magariba ta yi, yayyafi ya ɗauke,
Na hura gawayi, na jera agashe.

Ƙuli da citta, barkono da kanumfari,
Sauran sirrin ba na faɗa har ƙarshe.

Mai raksha ya tsaya, "ya zol, ƙaro yaji,"
Kalmarmu ce a bakinsa tun yaushe!

Gefe ga masara, ga gyaɗa dafaffiya,
Ga kifin kogi a kan waya, gasasshe.

Abu guda ke ɓata mini daren marka,
Sauro in ya fito, jinina zai kwashe.

Rumfar nan da hannuna na sake kafa ta,
Ran da na dawo na same ta a rushe.

Baba Malam, Mai Wurno

Gambo, baitin ƙarshe ya leƙa inda muka hana, amma na kau da kai. Allah Ya tsare gaba.

Alhaji Ɗanjuma, Makka

Amin. A ba ɗan gida fili, ko da ba shi da taɓon nunawa. Mutanen nan ba Jabha suke lissafi ba, Suhailu suke jira, tauraron da ke ɓullowa wajen 24 ga Agusta. In ya fito sai su ce dare ya fara sanyi. Ni dai har yanzu ina cigiya.

An ce Suhailu ya leƙo ta kudu,
Mu dai a Makka kwalta na ta tururi.

Amma dabino ya nuna rabi da rabi,
Ruɗabi ke nan, nan zuma, nan bauri.

In sa shi a firij ya yi sanyi ƙarara,
In ci bakwai da gahawa tun da wuri.

Juma'a mu hau Ɗa'if ta hanyar Hada,
Birai a bakin titi sun yi jeri.

Inabi da rumman, ga barshumi mai ƙaya,
Mai tebur na ɓarewa, ina ci da sauri.

Gambo, siriyar Sharar Mansur na gaishe ka,
Ƙanwar agashe ce, sai dai ta fi gishiri.

Gambo Mai Agashe, Wad Madani

Ina amsawa, Alhaji. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, tsire ne ya haife su duka. Ita ta tafi aikin hajji ta ƙi dawowa, shi ya tsaya a hanya, kamar dai mu.

Baba Malam, Mai Wurno

Amaryata ta bakin teku tana karantawa ta yi shiru. Jummai, ko in aiko da goron roƙo?

Jummai, Bur Sudan

Kaka, me zan ce? Kowa na yabon daminarsa, mu nan babu ita. Ga dai abin da ya samu, in na taɓa farashi a yafe.

Kuna ta batun laka, mu gumi muke,
Teku na huci tun daga safiya.

Ruwan sama a nan sai hunturu ya kama,
Na sha kuwa a jarka yake, da wuya.

Tun da madatsar Arba'at ta fashe a 2024,
Mai jaki da tanki ya zama sarkin hanya.

Daɗina guda, in wuta ta zo da dare:
Jiƙaƙƙen mayafi, fanka, ruwan tsamiya.

Amma abin da nake so ba ya nan,
Ɗigon rufin ɗakinmu a cikin ƙwarya.

Inna ta sa tasa nan, ta sa kwano can,
Kowane da kiɗansa, mu kwana a tsakiya.

Da can tsaki muke muna jan tabarma,
Yau ko a waya ne a sa mini in jiya.

Ɗan Gash, Kassala

Yaya Jummai, kin kashe bakin kowa. Na janye ayabata.

Baba Malam, Mai Wurno

"In jiya." Kun ji bakin Sakkwato bai bar jininmu ba, yarinyar da aka haifa a Madani. Baitinki na biyar ba naki ba ne ke kaɗai, don haka zan yi masa tahmisi: layi uku nawa, biyu naki. Yaran yanzu su sani, bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya ja sauran jama'a gabas. Garin nan da nake zaune sunansa ya ci, kuma ya riga madatsar Sinnar, wadda aka gama a 1925. Kakata tana cikin waɗanda aka goyo, har ta rasu tana cewa geron nan bai kai na gida zaƙi ba, ita da ba ta taɓa ganin gidan da wayonta ba.

Daga Burmi kakanni suka yo Sudan,
Da kewar gulbin Rima da geron can,
Kowa ya kwana yana faɗin zancen nan:
"Amma abin da nake so ba ya nan,
Ɗigon rufin ɗakinmu a cikin ƙwarya."

Sai kuma nawa na ango:

Amarya, in yoyo kike so ki taho,
Ɗakina na da bakwai, ba ƙarya.

Sadakinki tumu ne da tarwaɗa biyu,
Ki riƙa kore ruwan da tsintsiya.

Jummai, Bur Sudan

Kaka, ka sa ni kuka ka sa ni dariya. Mijin haƙora huɗu, sadakin ma kai za ka cinye shi.

Haboba Kande, Gadarif

Rabu da shi, 'yar nan. Na koma kan "wa", don ni ba a bi na shayi.

Jummai, ƙulli na tafe a motar dawa,
Jibi da hantsi za ta yi tasowa.

Kawal dunƙule goma, garin kuɓewa,
In kin kaɗa, unguwa za ta yi tambayowa.

Ɗanyar gyaɗa kwano biyu da ƙasarta,
Kar ki wanke, ki fara da shinshinawa.

Ɗan Gash, Kassala

Motar dole ta biyo ta Kassala. Haboba, ki ba direban lambata in tare shi a tasha. Na fasa janyewa, zan sa ayaba da gwaiba, amma don Allah a ce masa ya raba su da kawal, ɗaya a gaba ɗaya a can ƙarshen bodi.

Haboba Kande, Gadarif

Ka dai nemi izinin mai lambu tukuna.

Gambo Mai Agashe, Wad Madani

Jummai, hadari ya haɗo, har na fara kwashe tsinke. Shekaranjiya na bi ta layinku, ɗakin na nan, maƙwabcinku na ɓangaren masallaci ke riƙe da makulli. Zan aiki yarona da waya ya ɗauko miki sautin.

Iska ta taso, gawayi na tartsatsi,
Yaro ya ruga tun kafin ya fashe.

Faɗi da sauri, me za a tara masa,
Tasa ko ƙwarya? Layi na shirin kashe...

Amsa-amon ya ƙi, waya saura kaɗan. Tasa ko ƙwarya?

Jummai, Bur Sudan

Duka biyu, Kawu Gambo. Ƙwaryar a sa ta dab da ƙofa, ta hannun hagu, nan ya fi zuba.