Me za mu kira jenetik kansilin da Hausa?

Jama'a, ina neman taimako. Ƙanwata na shirin digiri na biyu da ya haɗa aikin da Turawa ke kira jenetik kansilin da fannin da suke kira bayo'etiks, mai duba abin da ya dace da wanda bai dace ba a harkar lafiya. A gidanmu, can wajen Ɗambatta, an riga an raɗa masa suna "karatun jini". Sunan bai yi ba, domin mai awon jini daban, wannan daban.

Ga aikin. In saurayi AS ne, budurwa ma AS ce, ma'ana kowannensu na ɗauke da gadon sikila amma ba shi da ciwon, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato sikila, amosanin jini. Kowane ciki fa. Ana iya haifar biyar lafiya lau, ana iya jera uku masu ciwon. Mai awo takarda kawai zai miƙa maka. Wanda zai zauna da ku ya warware abin da ke cikinta, ya tambayi tarihin dangi, ya saurari tsoronku, shi muke nema wa suna. Tun da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024, takardun nan na faɗawa hannun waliyyai da limamai a ƙauyuka. Na ga wani kawun ango a ƙofar masallaci yana kaɗa takarda yana cewa ai ɗansu O ne, magana ta ƙare. Rukunin jini yake dubawa, alhali layin jinotayif, mai nuna gadon sikila, na ƙasa, AS ɓaro-ɓaro.

Wani malamin Islamiyya ya fara kawo "nasihar aure". Allah ya gafarta Malam, ban karɓa ba. Mai nasiha ya riga ya san daidai, yana jawo ka zuwa gare ta. Mai wannan aikin kuwa an hore shi kada ya ce a fasa ko a ɗaura. Da wani masani Ba'amurke, Sheldon Reed, ya ƙirƙiro sunan na Turanci a Jami'ar Minesota a 1947, nesanta aikin yake yi daga masu da'awar gyaran irin ɗan Adam, waɗanda a Amurka da Jamus suka riƙa yi wa mutane aikin hana haihuwa dole. Kwas ɗin digiri na biyu na farko a fannin an buɗe shi a kwalejin Sarah Lawrence da ke jihar Niyok a 1969. Don haka "shawara" ta fi. Bahaushe ya ce shawara ɗaukar ɗaki, kowa da inda zai kama, kuma mai ɗaki shi ke faɗin inda za a aza.

To shawarar me? Nan aka daɗe.

Wani ya ce "shawarar ƙwayoyin halitta", yadda gidajen rediyo ke faɗa. Wata ungozoma daga Kazaure ta ce, "Yaya, in na faɗi ƙwaya a ranar awon ciki, matan hannu za su miƙo in ba su magani." Gaskiyarta. Aka kawo "shawarar iri", manoma suka ce wannan aikin malamin gona ne. Ni abin da ya fi damuna da "iri" shi ne gorin da ke maƙale da shi. A garin da ake cewa gidan su wane ba su da iri mai kyau, ka ɗora kalmar a kan yarinya mai AS, ka kashe mata kasuwa, alhali lafiyarta ƙalau, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya haka yake. "Shawarar gado" kuma Malam da kansa ya kashe ta: ya ce sai dai ku ga magada sun cika asibiti da rigimar gona.

Sai ungozomar ta ce a ƙara jini: shawarar gadon jini. Wani ɗalibin likitanci ya ja, ya ce ba duk ciwon gado ne ke cikin jini ba, akwai zabiya, akwai wasu nau'o'in kurumta. Ɗan'uwa, in dattijo ya nuna jikansa ya ce jinina ne, ba abin da ke cikin sirinji yake nufi ba. Wannan jinin muke nufi. Na tsaya a kan shawarar gadon jini, mai yin aikin kuma mai shawarar gadon jini.

Saura bayo'etiks. An kawo "ɗa'ar likitanci", amma ɗa'a a kunnen mutanenmu gaisuwa ce da russunawa. Likita na iya gaishe ka da fara'a ya kuma saka ɗanka a gwaji ba da saninka ba. Mu a Kano ba labari aka ba mu ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa, binciken ya shafi yara kusan 200, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ba ne, kamfanin ya musanta, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Tambayoyin da suka taso a nan, wa ya yarda, me aka gaya masa, da wane harshe, su ne cikin wannan fannin. Shi ya sa nake ganin "ilimin amanar lafiya" ya fi dacewa.

Kuma shi ya sa haɗa karatun biyu ba ƙawa ba ce. A ce awo ya nuna yaro SS ne, takardar uban ta ce AA, alhali mai AA bai kamata ya haifi SS ba. Kuskuren ɗakin awo na faruwa, shi ya sa matakin farko a sake gwaji. Amma kafin nan, wa za a gaya wa? A gaban wa? Shari'a ta ce ɗa na mai shimfiɗa ne, kuma kalma ɗaya daga bakin ma'aikaci na iya raba aure ta bar mace da tabo har kabarinta. Ko a ce auren zumunci ne, kaka ta haɗa tun suna yara, yarinyar ta roƙi a ɓoye sakamakonta, waliyyi kuma na tsaye a ƙofa yana jira. Lissafin ɗaya cikin huɗu ba ya amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Akwai ɓangare na uku a kwas ɗin, inda ake karanta tarihi da adabi da labaran majinyata don ma'aikaci ya iya sauraro. An kawo "adabin jinya", an kawo "mutuntakar likitanci". Na farko ya yi kama da sunan littafi, na biyu ya yi nauyi a baki. Malaman Hausa na Jami'ar Bayero da ke biye da mu, wannan naku ne.