Wai da gaske akwai ƙwayoyin da ke ciyar da saiwar shinkafa?

Manomin Kosti:
Salamu alaikum. Shinkafa nake yi a gaɓar kogin Farin Nilu a nan Sudan, inda ruwa ke kwanciya. Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023 buhun yuriya ya fi ƙarfina. Yarona ya ce wai akwai bakteriya masu zama a saiwa suna ba shuka abinci. To ni in na tuge gyaɗa ina ganin ƙulle-ƙulle a saiwarta, shinkafa kuwa babu ko ɗaya. Ina suke zama?

Malamin Gona, Wad Madani:
Wa alaikumus salam, Baba. Yaronka bai yi ƙarya ba. Shinkafa ba ta yin ƙulli, amma ƙwayoyi irin su Azospirillum da Herbaspirillum suna manne wa saiwa, wasu ma su kutsa ciki ta tsagar da ƙananan saiwoyi ke fitowa. Saiwa na tsatso musu zaƙi, su kuma su kamo naitirojin (abincin shukar da ke cikin yuriya) daga iska, wadda kashi 78 cikin ɗari nata shi ne. Abin da ya fi burge ni shi ne sinadarin da suke fitarwa mai sa saiwa ta yi gashi da rassa, ta ƙara jan ruwa da taki. A Masar, binciken Youssef Yanni na tashar binciken noma ta Sakha da aka buga a 1997 ya gano ƙwayar Rhizobium ta barsim (wata ciyawar dabbobi mai ƙulli a saiwa) a cikin saiwar shinkafa, a gonakin da ake karɓa-karɓar amfanin biyu.

Ɗan Maiurno:
Malam, a yi hattara dai. Barsim ɗin Masar daban, namu na Sudan hijazi ne (alfalfa), ƙwayarsu ba ɗaya ba. Kuma yuriya kashi 46 naitirojin ce. Wace ƙwaya za ta kamo ta?

Malamin Gona, Wad Madani:
Gaskiyarka, ba sa maye gurbin taki, rage buƙatarsa suke yi. Baba, in ka samu garin ƙwayoyin da ake cakuɗawa da iri, ka tuna masu rai ne: zafin rana na kashe su. A inuwa ake cakuɗa su da iri, a shuka a ranar.

Manomin Kosti:
Allah ya saka da alheri. Garin ƙwayoyin nan ba a kasuwarmu yake ba. Kashin shanu dai ina da shi.

Malamin Gona, Wad Madani:
Zuba shi, Baba, amma wanda ya ruɓe. Kuma ka daina ƙona tattakar shinkafa bayan girbi, ka mayar da ita ƙasa, ƙwayoyin da ke gonarka su samu abin ci.