Rufe lambar mota a hoto: kariya ce ko wahalar banza?

Baffa: Assalamu alaikum. Akwai abin da nake gani a zauren nan da sauran wurare, ina so mu tattauna shi. Duk wanda ya sayi mota yanzu sai ya ɗora hotonta ya liƙa wa lambar fure ko ya shafe ta da baƙi. Ni a wurina wahalar banza ce. Hukuma ce ta tilasta a ɗaura lamba gaba da baya don kowa ya gani. Daga Kurna zuwa Kantin Kwari, mutum nawa ne ke karanta lambarka a cikin cunkoso? Abin da kake yawo da shi a titi kullum, ta yaya zai koma sirri don kawai ya shiga waya?

Gwaggo: Wa alaikumus salam. Yaya, wanda ya ga lambarka a titi kafin ya kai shataletale na gaba ya manta. Hoto ba ya mantuwa. Kuma a titi bai san sunanka ba, bai san matarka ba, bai san ƙofar gidanka ba.

Baffa: To ita lambar ce za ta gaya masa? Sana'ata ce sayar da motoci, na san abin da ke jikinta. Haruffa uku na farko ƙaramar hukumar da aka yi rajista suke nunawa: KMC Birni da Kewaye, DAL Dala, FGE Fagge, ZAR Zariya. Shuɗin rubutu motar gida, ja ta haya, kore ta gwamnati. Iyakarta ke nan. Su ma haruffan ba sa nuna inda mutum yake kwana, don motoci nawa ne a Kano ke ɗauke da ABJ ko RSH na Abuja, ko KJA ta Legas, alhali masu su a Hotoro suke?

Injiniya: Baffa, a nan kana da gaskiya, kuma zan ƙara maka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana da shafin tantance lamba. In ka shigar da ita zai nuna maka ko ta gaskiya ce da irin motar da aka ba wa, ba zai miƙo maka adireshin mai ita ba. Kamfanonin inshora ma suna da rumbunsu da ake duba ko inshorar mota tana aiki. Saboda haka masu cewa da lamba kaɗai kowane yaro zai gano gidanka daga wayarsa sun zuzuta abin. Inda na rabu da kai shi ne, bayanan suna nan a ajiye. Ranar da ka yi rajista ka ba da suna, da adireshi, da lambar waya, yanzu har da NIN. Lambar motar ita ce mabuɗin wannan fayil. Abin tambaya, su wa ke iya buɗe shi, kuma nawa za a ba su su buɗe wa wani?

Baffa: Wannan ai zato ne.

Barista: Ba zato ba ne, Baffa, ranka ya daɗe. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative, mai kare haƙƙin masu amfani da intanet, ta fito ta ce ta gano shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya, NIN da BVN da lasisin tuƙi, wasu har a kan naira 100 kacal. Ta ce har takardar NIN ta ministan sadarwa ta saya don ta tabbatar da maganarta. Hukumar katin ɗan ƙasa ta musanta cewa an kutsa rumbunta, amma ko ta wace ƙofa bayanan suka fita, sun dai fita. Muna da Dokar Kare Bayanai da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, da hukumar da ke kula da ita. Doka tana hukunta wanda ya fitar, sai dai ba ta dawo da abin da ya riga ya fita.

A Amurka ma sai da aka yi asarar rai kafin su rufe wannan ƙofa. A 1989 wani mutum ya biya mai bincike ya samo masa adireshin 'yar fim Rebecca Schaeffer daga ofishin rajistar motoci na California, ya je har ƙofar gidanta ya harbe ta. Wannan na cikin dalilan da suka sa a 1994 suka yi dokar da ta hana irin waɗannan ofisoshi ba kowa bayanan direbobi.

Baffa: 'Yata, wancan sunanta ya riga ya sani, ba hoton lamba ya gani ba. Kada mu haɗa abin da bai haɗu ba.

Barista: Haka ne, ba daga hoto ya fara ba. Abin da nake nunawa shi ne rumbun da lamba ke kaiwa gare shi ba abin wasa ba ne.

Maman 'Yan Biyu: Ku yi haƙuri in sa baki. Ni ba rumbun gwamnati ne ke ba ni tsoro ba, mu da kanmu ne. Ku duba yadda muke ɗaukar hoton. Mota a ƙofar gida, ga launin get, ga lambar gida a jikin bango, ga yara sanye da yunifom mai bajon makaranta, a ƙasa an rubuta "Alhamdulillah, Allah Ya sa a kashe lafiya". Duk a hoto ɗaya. Mai mugun nufi bai buƙatar zuwa kowane ofis. Ya san makarantar, ya san lokacin tashi, abin da ya rage masa kawai ya tabbatar wace mota ce a cikin Corolla masu ruwan toka da ke jere a bakin makarantar, kuma lambar ce za ta raba masa gardama. A wannan zamani da ake fama da masu garkuwa da mutane da infoma, ni dai ba zan sauƙaƙa wa kowa aiki a kan 'ya'yana ba.

Auta: Anti, amma in haka ne, rufe lambar kaɗai bai isa ba ke nan. Get ɗin da yunifom ɗin sun fi ta tona asiri.

Maman 'Yan Biyu: Bai isa ba kam. Amma don bai isa ba sai a bar shi?

Auta: A'a. Abin da nake gudu shi ne mutum ya liƙa sitika a kan lamba ya ɗauka ya gama. Na ga masu yi wa hoto haka, sai su biyo da bidiyo suna zagaya motar, lambar a fili.

Injiniya: Auta ya taɓo wani abu. Wayoyi da yawa suna rubuta wurin da aka ɗauki hoto a cikin fayil ɗinsa idan an bar musu izinin sanin wuri. In ka tura shi a matsayin hoto a WhatsApp, manhajar tana cire wannan bayani. In ka tura shi a matsayin fayil don kada ya rage kyau, yana tafiya da shi. Sannan wajen rufewa, a shafe da launi mai kauri ko a yanke gefen gaba ɗaya. Ɗan dishi-dishin da wasu ke yi, sau da yawa ana iya karanta shi.

Amma Baffa, ka bar ni in dawo kan sana'arka, don a nan ne nake ganin haɗarin ya fi kusa. Wanda ya saci mota, ko yake so ya yi ɓarna da ita, lamba yake nema wadda ta dace da irin motar da ke hannunsa, ƙira ɗaya, launi ɗaya. A titi sai ya yi ta jira. A Facebook ko Jiji zai rubuta sunan motar kawai su jeru masa, ya zaɓa, ya sa a buga masa irinta. A Ingila wannan sananniyar matsala ce, mutum yana gida takardar tara ta iso shi daga garin da bai taɓa zuwa ba. Mu ma ba nesa take da mu ba, tunda Legas ta kafa kyamarori masu karanta lamba, tara kuma tana zuwa wa wanda sunansa ke kan rajista. Tara ma da sauƙi. In fashi aka yi da motar, ƙofar wa za a fara bugawa?

Baffa: Yanzu ka zo inda na sani, kuma a nan ne zan ja da kai sosai. Mai saye yana jin tsoron tallan da aka rufe lambarsa. Abu na farko da zai zo masa shi ne ta sata ce ko takardunta ba su cika ba. 'Yan damfarar da ke tallan gwanjon Kwastam na ƙarya, su ne suka fi kowa son hoto marar lamba, don hoton wani suka ɗauko. Lamba a fili ita ce shaidar cewa ba na ɓoye komai.

Injiniya: Suna ɗaukar mai lamba ma, har ya fi yi musu amfani, don in wanda za a cuta ya duba zai ga ta gaskiya ce, ya tura kafin alƙalami hankali kwance. Mai saye na gaske zai kira ka. Ka ba shi lambar shi kaɗai, ya zo ya duba lambar shasi da ta inji da takardu da idonsa.

Baffa: Wanda bai kira ba saboda ya tsorata fa? Wannan cinikin ya tafi, kuma ni na yi asara. A kan motocin da ke filina ban sauya ra'ayi ba.

Gwaggo: Motocin filinka ai yawancinsu na mutane ne suka ba ka ka sayar, Yaya. Ka tambaye su kafin ka ɗora?

Malam Babba: Tambayar Gwaggo ita ce tawa. Tun ɗazu kuna magana a kan lambar mutum ta kansa, wannan ruwansa ne, ya rufe ko ya bari. Ni lambar wani ce ke damuna. Za ka ga an ɗauki motar bawan Allah a ƙofar otal ko asibiti ko kotu, an watsa, jama'a suna ta fassara. Allah Ya ce a Suratul Hujurat kada mu yi binciken asirin juna. Wanda ya fi ci mini rai shi ne hoton haɗari. Mota ta kife a hanyar Zariya, kafin a ɗauke mutane an riga an ɗora hotonta da lamba ɓaro-ɓaro. Matar mutum ta haddace lambar mijinta, mahaifiyarsa ma haka. Da can dattawa ake tarawa su je su zauna, su yi nasiha, sannan su faɗa. Yanzu tana cikin girki za ta buɗe waya ta gani, ba kowa kusa da ita. Ina roƙon duk wanda ke zauren nan, kada ya turo irin wannan, kada kuma ya tura gaba in an turo masa.

Baffa: Wannan ba ni da ja a kai, Malam. Allah Ya kiyaye.

Yaya Direba: Allah Ya gafarta Malam, amma akwai ɗaya ɓangaren. Mu da muke kan hanya mun san lokacin da lamba ke ceto. An sace mota, an watsa lambar, direbobi a tasha sun gane ta. Ko wani ya buge ɗan adaidaita sahu ya gudu, wani ya ɗauki lambarsa. In kowa ya koma rufewa, waɗannan fa?

Barista: Yaya, motar da aka sace, mai ita ne ya fitar da lambar da yardarsa, wannan daban. Wanda ya buge mutum ya gudu kuwa, ka ɗauki hoton, ka rubuta lokaci da wuri, ka kai wa 'yan sanda ko 'yan Rod Sefti. Su ne ke da ikon duba rajista. In ka watsa, ba ka sani ba ko an sayar da motar ba a sauya takardu ba, ko lambar ta jabu ce irin wadda Injiniya ya faɗa. Sai fushin jama'a ya faɗa kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, kai kuma ka shiga ƙarar ɓata suna.

Yaya Direba: In an kai kuma aka yi shiru?

Barista: Ka nemi a rubuta ƙorafin a gabanka, ka riƙe asalin hoton a wayarka, kada ka gyara shi ko ka yanke. In iyalan wanda aka buge suna so su bi kadin abin, su same ni a ofis da kwafin takardun asibiti, mu rubuta wa DPO.