Yaya zan ciro teburi ɗaya daga babban fayil ɗin mysqldump?

Hadiza_K:
Assalamu alaikum. Wani sabuntawa da aka yi wa manhajarmu ya ɓata teburin `oda` a rumbun bayananmu na `kasuwa`. Kwafin ajiyar da muke da shi na daren jiya ne, an ɗauke shi da `mysqldump --all-databases` (umarnin da ke kwafe duk rumbunan MySQL cikin fayil ɗaya), kuma ya kai gigabait 60 a matse. Idan na mayar da shi gaba ɗaya, sauran rumbunan za su koma yadda suke jiya, aikin mutane na yau ya tafi. Teburin nan kaɗai nake so. Don Allah a taimaka.

Baba Sule:
Wa alaikumus salam 'yata. Kada ki buɗe fayil ɗin da edita, zai shaƙe kwamfutar. Rubutu ne zalla, kuma mysqldump kan sa alama a farkon kowane rumbu, sai ki yanko naki:

zcat duka.sql.gz | sed -n '/^-- Current Database: `kasuwa`/,/^-- Current Database: `/p' > kasuwa.sql

Daga cikin kasuwa.sql ki sake yin haka da layin "Table structure for table `oda`". Ki fara da rumbun tukuna, domin wani rumbun ma yana iya samun teburi mai suna ɗaya.

Nura:
Ai `mysql --one-database kasuwa` ya fi sauƙi, ko ba haka ba Baba?

Baba Sule:
Ban yarda da shi a sabar da ake aiki da ita ba, Nura. Umarnin USE, wanda ke zaɓar rumbun da za a yi aiki a kai, shi kawai yake dubawa. In an ɗauki ajiyar da `--add-drop-database`, umarnin goge rumbu na gaba yana zuwa kafin USE ɗinsa, sai ya bi ya zartar. Kuma duk rumbun zai mayar, ita kuwa teburi ɗaya take nema.

Hadiza, abin da ya fi damuna shi ne layukan saman fayil ɗin. Yankan nan yana barin su a baya, alhali can ne SET NAMES (saitin tsarin haruffa) da kashe FOREIGN_KEY_CHECKS (duba alaƙar tebura) suke. In babu su, haruffa irin su ƙ da ɗ na iya dawowa a hargitse, ko shigarwar ta tsaya a tsakiya. Ki kwafo su ki ɗora a kan abin da kika yanko. Sannan ki zuba a sabon rumbu na gwaji, ki ƙirga layuka, ki kwatanta da teburin da ya lalace, kafin ki taɓa na ainihi.

Hadiza_K:
Na gode Baba, Allah ya saka da alheri. Ya shiga rumbun gwaji lafiya. Yanzu odojin da suka shigo bayan ajiyar nake nema, zan duba ko binlog, kundin da MySQL ke rubuta canje-canjen da aka yi wa bayanai, a kunne yake.